Kafin ka sayi sitirima, zare cajar laftof ɗinka ka saurara

Assalamu alaikum. Ɗan'uwana da ka yi tambaya ko sitirima, wato na'urar da ke jawo waƙa daga intanet ta kai wa amfilifaya, ta fi laftof daɗin sauti, ka ce wani ƙugi na damunka a sifika kuma an ba ka shawarar ka sayi sitirima ka huta: wallahi da na karanta rubutunka sai da na ajiye waya na yi shiru, don abin da ya same ni ke nan sak. Don Allah kada ka fitar da ko kwabo tukuna.

Shekara biyu ke nan aka yi bikin ƙanwata a Mabera, cikin watan Afrilu, kun dai san yadda Sakkwato take a lokacin. Ni na ce kada a ɗauko mai kiɗa ranar kamu, ina da amfilifaya da sifiku, ga laftof cike da waƙoƙi. A ɗakina na gwada komai lafiya lau. Da aka kai kaya wurin taro aka tayar da janareta, na jona caja, na sa waya a ramin iyafis, sai wani ƙugi mai kauri ya cika rumfa. In na ƙara murya ya ƙaru, in na motsa linzamin kwamfuta sai a ji wani tsiii kamar kukan gyare. Ana cikin haka laftof ta yi zafi, fankarta ta hau ihu, waƙa ta fara tsinkewa daidai lokacin da ake shigowa da amarya. Saƙon WhatsApp ma da ya shigo, duk mata sun ji ƙararsa a sifika. Gwaggona ta taso har inda nake, a gaban dangin ango, ta ce, "Kai, in ba ka iya ba ka bari, ka ba mu kunya." Ƙanwata ba ta ce mini komai ba, har yau ba ta tayar da maganar ba, kuma shirun nan nata ya fi mini zafi.

Cikin wannan baƙin ciki na faɗa hannun wani mai shagon kayan sauti. Ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi. Ya ce laftof ba abin kiɗa ba ce, ya ɗauko wani ɗan baƙin akwati ya ce sitirima ce 'yar waje. Ya kunna mini waƙa da laftof, sannan ya kunna da akwatin, na ji na biyun ya fi cika kunne. Sai daga baya na gane murya kawai ya ƙara, kuma kunnen mutum duk abin da ya fi ƙarfi shi yake ɗauka ya fi kyau. Kuɗin da na tara na wata uku na ƙirga masa, har da wata waya mai bakin ruwan zinare da ya ce dole sai da ita. Na zo gida na tarar abin ba ya shiga intanet ko kaɗan, mai karɓar Bluetooth ne kawai aka sa wa babban gida. Na koma washegari ya ce kaya sun fita shago. Na koma da yayana, ya ce bai taɓa ganina ba. Mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci! Har yanzu in na bi ta layin nan sai na kawar da kai.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya warware mini. Ya saurari ƙugin bai fi daƙiƙa biyar ba, ya ce, "Yaro, zare wanga caja." Na zare, ɗaki ya yi tsit. Ya ce laftof da amfilifaya kowacce na da hanyarta zuwa atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, ga wayar sauti ta sake haɗa su, sai wuta ta samu zagayen da za ta bi, ita ce kake ji tana gurnani a kan bugu 50 a daƙiƙa (50Hz) na wutarmu. Ka gwada wannan yau, kyauta ne. In ƙugin ya ɗauke, ka san inda ciwon yake. Amma kada wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta filogi, ranka ya fi waƙa. Ka fara da jona su duka a soket ɗaya. Kuma in inbata kake amfani da ita, ka duba, masu arahar nan da wutarsu ba ta fita sumul su ma suna sa sifika zuza.

Maganar wanda ya fi daɗi kuwa, waƙar da ke cikin laftof da wadda sitirima ke jawowa duk lambobi ne. Wurin da bambanci ke shigowa shi ne DAC, ɗan abin da ke mayar da lambobin nan sauti. Na cikin laftof an cusa shi ne a tsakiyar hayaniyar wutar injin, shi ya sa ramin iyafis ke kwaso datti. Na sayi ƙaramin DAC na USB, sautin ya washe. Daga baya wani abokina ya taho mini da WiiM Mini, sitirima ta gaskiya. Muka zauna da yayana, waƙa ɗaya, DAC ɗaya, muka daidaita murya, na juya baya yana sauyawa. Wallahi ban iya cewa ga wannan ga waccan ba. Shi ma ya gwada, bai iya ba.

Duk da haka sitirimar nake kunnawa kullum, don ba ta da fanka, ba ta ihun saƙo, da wuta 5V take aiki har fawabank na ɗaukarta in an ɗauke wuta, kuma tana da ramin oftika, wayar da haske ke bi cikinta, babu ƙarfen da ƙugi zai bi. Sai dai ka yi lissafin data. Waƙa mai 320kbps tana cin kusan 144MB a awa ɗaya, mai ingancin faifan CD kuwa ta ninka haka fiye da sau biyu. Kuma sai da Wi-Fi tsayayye. Tun da Spotify ya shigo Najeriya a 2021 nake ganin mutane na ɗokin abin, wata biyu su koma memori.

Af, memorin ma. Yawancin abin da ake tura mana a shagunan tura waƙa 128kbps ne, wani ma an sauko da shi daga YouTube an sake matse shi. Ko sitirimar miliyan ka sa masa ba zai gyaru ba. Ina da tsofaffin waƙoƙin makaɗan fada, na kotso da taushi, da mahaifina ya bari a kaset. Wani yaro ya juya mini su ya matse har amon kotson ya mutu, ya kuma ɓatar da kaset biyu. Wannan kam ban san ranar da zai bar raina ba. Duk mai irin kaset ɗin nan a cikinku, ya tsaya a kai a juya masa a WAV ko FLAC, tsarin fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, kada ya bar wurin.

In laftof ɗin za ka ci gaba da ita, ka ɗaga ta daga kan katifa ta sha iska, ka sa a hure mata ƙurar hunturu, ka kashe ƙarar saƙonni, ka sa manhajar kunna waƙa ta foobar2000, kyauta ce. Ka zare cajar da daren nan ka dawo ka faɗa mana abin da ka ji. Ka haɗo da hoton bayan amfilifayarka in ga irin ramukan da ke jiki.