Me ya haɗa injiniyan inji da lissafin lokaci?

Ɗana, ka tambaye ni cewa kai ilimin injuna ka shiga jami'a ka koya, ka iya zanen giyar inji, ka san nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, to don me aka ɗora muku darasin tsara aikin masana'anta, ana ta koya muku jadawali da lissafin lokaci da ajiyar kaya, abin da kake gani aikin manaja ne. Ka ce abokanka ma haddace shi kawai suke yi don su ci jarrabawa. To, bari in amsa maka da abin da ke gabanmu a wannan wurin aikin, tunda nan aka turo ka horo.

Dubi gangar jikin injin niƙa da muke haɗawa. A ce yankan ƙarfenta yana cin minti 10, walda minti 30, huda ramukan noti minti 8, fenti minti 15. A yinin aiki na awa 8 kana da minti 480. Mai yanka zai iya fitar da 48, mai huda 60, mai fenti 32, amma mai walda 16 kawai. To, guda nawa za su fita ƙofa da yamma? Sha shida, ko da kowa ya yi gumi har rigarsa ta jiƙe. Kamar mazurari ne, komai faɗin bakinsa, wuyansa ne ke yanke yawan man da zai wuce.

Yanzu a ce mai kamfani ya ba ka kuɗi ya ce ka ƙara yawan abin da ake fitarwa. Injiniyan da inji kaɗai ya sani, idonsa zai tafi kan injin yanka, don shi ne ya tsufa, shi ke ƙara, kuma ya ga sabo a kasuwa mai ninkin gudunsa. Ya saya, a kafa, kowa ya yaba. Da yamma a ƙirga, 16 ɗin nan dai. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tulin yankakken ƙarfe a gefen mai walda, yana tare hanya, yana tsatsa, kuma kuɗin mai kamfani ne a zube a ƙasa. Wanda ya fahimci darasin nan da kake rainawa, mai walda na biyu zai nema da injinsa, ko ya ƙera maƙalar da za ta riƙe ƙarafan a daidai wurinsu don mai walda ya daina ɓata lokaci wajen awo da gyara kusurwa. Da masu walda biyu aiki ya koma 32, kuma a nan zai tsaya, don mai fenti ma iyakarsa ke nan. Ka lura da maƙalar nan: zanenta da ƙera ta aikinka ne na injiniyan inji tsantsa, amma lissafin lokaci ne ya nuna maka inda za ka zuba wannan basirar.

Kuma waɗanda suka kafa wannan ilimi ba 'yan ofis ba ne. Frederick Taylor yaron shago ne a Filadalfiya ta Amurka, ya koyi aikin injin sassaƙa ƙarfe da hannunsa, ya shiga kamfanin ƙarfe na Midvale a 1878, sannan ya sami digirin injiniyan inji a 1883. Henry Gantt, mai jadawalin nan na sanduna a kwance da ake sa ku zanawa, shi ma injiniyan inji ne. Frank Gilbreth da ɗora bulo ya fara, ya lura cewa magini yana yin motsi 18 kafin ya aza bulo ɗaya, ya gyara tsayin dakalin da ake ajiye bulo da kwaɓi har motsin ya ragu zuwa kamar 5. A 1913, a masana'antar Ford ta Highland Park, aka sa aiki ya riƙa tafiya zuwa wurin ma'aikaci maimakon ma'aikaci ya bi aiki, sai haɗa ƙashin mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kamar awa ɗaya da rabi. Motar ba ta canza ba, jerin aikin ne ya canza.

Inda nake ganin gaskiyarka shi ne yadda ake koyar da abin. A rubuta muku ƙa'ida a allo, a ba ku lambobi tsaf, ku fitar da amsa, ba tare da an taɓa tsayar da ku gaban inji da agogo a hannu ba, dole ya zama hadda. Ɗauki lissafin nan na yawan kayan da ya fi dacewa a sayo a lokaci guda, wanda Ford Harris ya fitar a 1913. Lissafi ne mai kyau, amma an gina shi a kan cewa farashi a tsaye yake, buƙata kuma ba ta hawa da sauka. Mu nan farashin ƙarfe na iya canzawa kafin ka gama aikin da ka karɓa, masu sayen injin casa kuma sai kaka ta gabato suke tururuwa. Idan malami bai gaya muku inda ƙa'ida ta tsaya ba, ya ba ku rabin ilimi. Wannan giɓin ne ya sa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na Najeriya, wato ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES na tura ɗalibai horo a wuraren aiki a 1973, wanda ya kawo ka wurina, don haka kada ka ƙare watannin nan a cike littafin rahoto kawai.

A wurinmu tsara aiki yana farawa daga ranar da aka yi wa mai kaya alkawari, ka ƙirgo baya. Motar lantarkin da za ta juya injin daga Legas za ta zo, ita ce ta fi daɗewa a hanya, don haka ita ake fara aikawa a sayo tun kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Wannan shi ne abin da ake koya muku na gano jerin ayyukan da idan ɗaya ya makara komai ya makara, dabarar da aka tsara a kamfanin DuPont a ƙarshen shekarun 1950. Sai wuta: duk aikin da ke cin wuta da yawa, walda da sassaƙa, ka tara shi ya jira, da ta zo a hau shi, ɗaure noti da goge-goge a bar su sai an ɗauke, don kada a tayar da janareta a ƙona man dizal kan aikin da hannu zai yi. Lokacin hunturu kuma ba a fesa fenti a fili ana tsaka da ƙura, sai dai ka so ka kankare ka sake.

Abu ɗaya nake so ka riƙe da hannu biyu, shi ne mutane. Agogon Taylor, wato dabararsa ta auna lokacin da ma'aikaci ke ɗauka kan aiki, ya jawo fitina. A 1911 masu zubin ƙarfe a ma'aikatar makamai ta Watertown suka ajiye aiki saboda an tsaya musu a ka ana auna lokacinsu, har majalisar Amurka ta yi bincike. Mai waldar nan ya girme ka, kuma ya san abin da ke cinye masa lokaci fiye da kai. Kada ka laɓe kana auna shi. Ka gaishe shi, ka gaya masa abin da kake nema, ka tambaye shi me ke tsayar da shi. Sau da yawa zai ce maka ba waldar ba ce, neman sandar walda ne a sito, ko jiran wanda zai kama masa ɗaya gefen. Idan kuma gyaran ya ƙara abin da ake fitarwa, ka tsaya wajen mai kamfani sai mai waldar ya gani a aljihunsa, in ba haka ba gobe babu wanda zai gaya maka gaskiya.

Ana ba da labarin Taiichi Ohno na kamfanin Toyota cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da sabon injiniya a ciki ya yi ta kallon aiki har sai ya ga inda ake asara. Ni ba zan tsayar da kai wuri ɗaya ba. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, ka ɗauki alli ka yi wa ƙarfe ɗaya alama tun daga wurin yanka, ka bi shi har ya sha fenti. Ka raba takardarka biyu, gefe ɗaya mintunan da hannu ko inji ke kansa, ɗaya gefen mintunan da yake ajiye yana jira, ka rubuta abin da yake jira kowane lokaci. Bayan la'asar ka kawo mini mu zauna da mai walda mu duba tare.