Hajiya ki zauna ki ci, kar ki jira abincin kowa

Wa alaikumus salam Hajiya, wallahi ina karanta tambayarki naji raina ya sosu, kince zaku Umra da Mama kuma kuna da jiran awa 6 a filin jirgin Addis Ababa na Habasha, wai ku shiga gidan abinci ku zauna ko ku haƙura har jirgin Jidda. Ki zauna ku ci. Tsohuwa ba a gwada mata yunwa, balle in tana da suga irin Innata.

Mu ejan ɗinmu ne ya cuce mu. Tun a Kaduna yake rantsuwa wai kar kowa ya wahalar da kansa, akwai abinci a transit an biya an gama. Mun taso daga Rigasa da sassafe a jirgin ƙasa zuwa tashar Idu ta Abuja, sannan filin jirgi, sannan kusan awa 5 a sama, abincin cikin jirgin kuma Inna ko cokali uku bata kai ba. Muna sauka mutumin nan ya karɓe fasfo ɗinmu wai zai je ya amso takardar abinci, shikenan fa. Muna zaune a kujerun ƙarfen nan Inna ta fara zufa hannu na rawa, tana cewa ba komai 'yar nan, kinsan su da kawaici, ni kuwa hankalina ya gama tashi. Na miƙe nemansa, ina zan ganshi? Zaune cikin gidan abinci ya harɗe, faranti biyu gabansa yana latsa waya. Har cemin yayi Hajiya ai ibada sai da haƙuri. Ibada! Kai da cikinka ya cika. Tsofaffi nawa ya bari a zube har da wani dattijo ɗan Rigachikun da ko Turanci baya ji. Har yau in na ganshi yana tallan kujerun Ramadan a status sai naji wani abu ya tokare min wuya, na barshi da Allah amma ban manta ba. Fasfonki da tikitinki kar su bar jakarki ko waye ya nema in ba ma'aikaci ba.

Abincin kuma, in kin zauna kice a kawo shiro, miyar garin wake, ko beyaynetu, miyar wake da ganye kala kala, duk da injera ake ci. Yawancin Kiristocin Habasha suna azumin Laraba da Juma'a basa cin nama da madara da ƙwai, shi yasa suke da abinci mai yawa na wake da ganye zalla, to wannan ya raba ki da tunanin waye ya yanka, don su can ma mahautan musulmi daban na kirista daban. Injera ɗin kamar sinasir ne mai faɗi amma da tsami sosai, Inna bata iya ba, sai shinkafa da shayi na sa aka kawo mata. Ki tambayi kuɗin kafin ki ce a kawo, kuma ki riƙe ƙananan dala, ɗaya ɗaya da biyar biyar masu tsafta, in kika miƙa 50 za a iya cika miki hannu da birr ɗinsu wanda ba inda zaki kashe shi. Katin naira kar ki dogara da shi. Da tsada kam, amma kuɗin zaman kike biya, Mama ta samu kujera mai kyau ta miƙe ƙafa ta sha maganinta da abu mai ɗumi.

Agogo fa Hajiya! Addis sun fi mu da awa 2, lokacinsu ɗaya da Saudiyya, kina sauka ki gyara. Lokacin shiga jirgi zaki duba a tikiti ba na tashi ba, suna rufe ƙofa tun kafin. Ki fara zuwa kiga gate ɗinku, kuyi sallah, sannan ku zauna a wanda yafi kusa, kuma da an kawo abinci ki biya a take don kar ki tsaya jiran mai karɓar kuɗi ana kiran jirginku. Otal ɗin da ake cewa kamfanin jirgin Ethiopian na bayarwa sai jira ya kai awa 8, naku bai kai ba, kar wani ya ruɗe ki da shi.

Ki saka mata suwaita da safa a jakar hannu, garin kan tudu yake da dare akwai sanyi. Dabino da cincin da dambun nama suma a hannu ba a babban akwati ba, ruwa dai zasu karɓe a wajen bincike sai ki riƙe gorar da ba komai. Goro kar ki kuskura ko Mama ta nace, Saudiyya basa yarda. Kuma ki nemar mata keken guragu tun wajen yankan tikiti ko tace ita ƙafarta ƙalau, Inna ma haka tace. Wane ejan kuka bi ne ma? Ki min magana ta gefe.