Fasali, jaka da tsohuwar zuma: tambayoyi kan takardun kuɗi

Wani mai tara takardun kuɗi daga Zariya ya tambaya: "Malam, a 2022 an yi ta cewa an sauya fasalin naira. Kalmar ta dace kuwa?"

Fasali aro ce daga Larabci, a Hausa kuma tana nufin tsarin abu da siffarsa. Shi ya sa ake cewa gini mai fasali, ko magana marar fasali. To ɗauko tsohuwar dubu ɗaya da sabuwar da ta fara yawo ranar 15 ga Disamba, 2022, ka jera su a kan tabarma. Hotunan Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki, suna nan inda suke. Sardauna bai gusa daga ɗari biyu ba, haka Azikiwe a ɗari biyar. Abin da ido zai fara kamawa launi ne: ɗari biyu ta koma ja, ɗari biyar koriya, dubu shuɗiya. A ganina "sauya launi" ya fi kusa da gaskiya. Mutanen kasuwa ma ba su wahalar da kansu ba, "canjin kuɗi" suka ce, sunan da aka ba na 1984.

In sauyin fasali kake nema, duba na 2007. A shekarar aka sake tsarin naira 5, 10, 20 da 50, Murtala, wato naira 20, ta koma ta leda, aka cire ajami aka rubuta darajar kuɗin da boko cikin Hausa da Yarbanci da Igbo. Rubutun nan da ake ta ce masa Larabci, Hausa ce tsantsa, a takardar dubu misali "naira dubu" kawai aka rubuta da haruffan ajami. Ga mai tarawa wannan alama ce mai sauƙi: duk Murtalar da ka gani da ajami ta girmi 2007. Ita naira ɗari sai a takardar tunawa ta 2014 ta rasa nata.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: "Me ya sa jaka a Kano naira 200 ce, a wurinmu kuma jika dala 200?"

Asalin kalmar jakar ce ta gaske, wadda ake ƙulle tsabar kuɗi a ciki. Zamanin fam da sule, jaka ɗaya fam ɗari ce, wato sule dubu biyu, tunda sule ashirin ke yin fam. Da naira ta shigo ranar 1 ga Janairu, 1973, aka yanka fam ɗaya naira biyu, sai fam ɗari ta zama naira 200, sunan ya bi ta. A Nijar kuwa da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, don haka dala 200 ita ce takardar sefa dubu. Mai saye a bakin iyaka ya tambaya tukuna, jakar wace ƙasa ake nufi.

Na uku ya ce an faɗa masa "da tsohuwar zuma ake magani", ko hakan na nufin kowace tsohuwar takarda za ta yi tsada?

Karin maganar tana yabon abin da ya daɗe bai lalace ba, kamar tsohon amini ko gogaggen ma'aikaci. Zuma tana tsufa da ƙarfinta, takarda kuwa sai an tsare ta. Masu saye sabuwa fil suke nema, wadda ba ta taɓa ninkuwa ba, sannan su duba shekara da lamba da sa hannun gwamnan Babban Banki. Kada ka ɗaure ta da roba, in zafi ya yi robar kan narke ta bar tabo. Salatif kan yi ruwan ɗorawa ya ci fenti. Ta leda kuwa ko kusa da dutsen guga kada ta je, ƙanƙancewa za ta yi. Sa kowace ɗaya a miƙe cikin rigarta ta daban, nesa da rana, kuma ɗage akwatin daga ƙasa kafin damina, don raɓa ce ke kawo fumfuna.