Gwajin DNA Zai Sauke Mini Bashin Ciyar da Yarinyar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni tela ne a Tudun Wada, Zariya. Na yi aure a 1999, matar ta haifi mace a 2001, muka rabu a 2003. Da ta kai ni ƙara, alƙali ya yanka mini naira dubu biyu duk wata, kuɗin ciyar da yarinya. Na biya kamar na shekara guda, sai na ƙara aure, hidima ta yi yawa, na daina. Yanzu yarinyar ta gama karatu, har an kawo kuɗin aurenta. Uwar ta aiko ƙanenta shagona da takarda, wai in biya duk abin da ya taru ko mu koma kotu. Ni kuma yayata ta daɗe tana cewa yarinyar nan ba ta ɗauko kowa a gidanmu ba, mu baƙaƙe ne, ita fara ce sol. Idan na yi gwajin DNA ya nuna ba tawa ba ce, bashin ya faɗi?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwana, yayarka ta daɗe tana wannan magana, amma ba ka rubuto mini ba sai da takarda ta iso shago. Wannan kaɗai ya isa ka zauna ka tambayi zuciyarka.

Yarinyar taka ce. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya yanke cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwarsa. Malamai sun ce mafi ƙarancin ciki wata 6 ne, sun fitar da haka daga wata 30 na ciki da shayarwa da aka ambata a Suratul Ahƙafi, aka cire shekara biyu na shayarwa. Taka kuwa sai da aure ya kai wajen shekara biyu aka haife ta, a ɗakinka.

Hanya ɗaya shari'a ta bar wa miji ya kore nasaba, ita ce li'ani, wadda ke Suratun Nur aya ta 6 zuwa 9: rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira wa kansa la'anar Allah in ƙarya yake yi. Kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, da zarar ya san da cikin ko haihuwar ake so ya yi magana. In ya yi shiru ba da wani uzuri ba, dama ta wuce. Kai ka yi mata huɗuba, ka yanka rago, aka raɗa suna a ƙofar gidanka, ka tsaya gaban alƙali a matsayin uba ba ka ce uffan ba.

Batun farin fata kuwa an riga ka kawo shi. Wani mutum ya je wa Annabi (SAW) cewa matarsa ta haifi baƙin yaro. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Akwai mai toka-toka a ciki? Ya ce akwai, ƙila daga kakanni ya gado. Aka ce masa shi ma yaron ƙila haka ne, ba a kuwa ba shi izinin kore shi ba. Ka karanta wa yaya wannan, ka kuma gaya mata cewa jifan mace da zina ba shaidu huɗu ƙazafi ne, haddinsa bulala 80.

Gwajin DNA yana da amfaninsa, misali in an yi musayar jarirai a asibiti. Amma majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta ce bai halatta a dogara da shi wajen kore nasaba ba, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Ko ka kashe kuɗinka ka yo shi, kada ka sa ran alƙali zai goge uba da takardar ɗakin gwaji.

Sai maganar kuɗi. Asalin hukunci a Malikiyya shi ne ciyarwar 'ya'ya da ta wuce ba ta zama bashi, sai a hali biyu: in alƙali ya yanka ta, ko in wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Taka alƙali ne ya yanka, saboda haka tana wuyanka. Dubu biyu a wata na shekara 20 naira dubu 480 ke nan, kuma ka san dubu biyun nan yau ko cefanen yini ba su isa ba, balle kuɗin makaranta da na magani da uwar ta yi ta ɗauka ita kaɗai. Ana sauke wa uba lokacin da ya kasance ba shi da ko anini, in ya kawo hujja. Amma wanda ya samu na lefe da sadaki a tsakiyar wannan lokaci, da wuya a saurare shi.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba. Ciyar da ɗa namiji tana ƙarewa in ya balaga yana iya nema, ta 'ya mace kuwa sai ta tare a gidan miji. Wato har yau da nake rubutun nan kai ne da ci da suturarta, kuma kai ne waliyyinta.

Shawarata, kada ka bari a koma kotu. Ka nemi ƙanen nan da ya kawo takarda, ka haɗa da wani dattijo na gidanku ko limamin unguwa, a zauna a yi lissafi. Ka faɗi abin da za ka iya bayarwa yanzu da wanda za ka riƙa biya wata-wata, a rubuta, shaidu su sa hannu. In kana so a juya wani abu ya shiga kayan ɗaki, sai da yardar uwar, don ita ke bin ka. Sannan ka ja wa yaya kunne tun kafin maganar ta kai ga dangin mijin da za su zo neman auren a hannunka.