Wa ke ɗaukar nauyin fansho a Jamus?

Ƙanena, na ga saƙonka cewa ka samu gurbin karatu a Jamus, tare da tambayar da ka yi, wai ko gaskiya ne masu kuɗi gwamnati ke tatsa domin biyan tsofaffi fansho. A ganina, matsakaicin ma'aikaci ne nauyin ya fi danna, kuma sahun da za ka shiga ke nan idan Allah ya sa ka kammala.

A Najeriya kuɗin fanshon ma'aikaci kan taru a asusu mai ɗauke da sunansa, amma a nan Jamus, tun daga gyaran tsarin fansho na 1957, abin da aka cire daga albashin wannan wata shi ake biyan tsofaffin yau da shi. Ana cire kashi 18.6 cikin ɗari, rabi daga ma'aikaci, rabi daga wanda ya ɗauke shi aiki. Sai dai akwai iyaka, domin a shekarar 2025 duk abin da ya haura Yuro 8,050 a wata ba a taɓa shi. Saboda haka ma'aikaciyar jinya mai albashin Yuro 4,000 za ta ga an zare mata Yuro 372 a takardar albashinta, wato kashi 9.3 cif, alhali manajan da ke karɓar Yuro 16,000 bai biya ko kashi 5 na albashinsa ba. Ƙari a kan haka, ma'aikatan gwamnati na dindindin da ake kira Beamte ba sa zuba komai a wannan asusu, likitoci da lauyoyi kuma suna da nasu daban, abin da ya sa ministar ƙwadago Bärbel Bas ta nemi a shigo da ma'aikatan gwamnatin a 2025, aka yi mata ca.

Masu kare tsarin suna da hujja, domin fanshon mutum kan bi gwargwadon abin da ya zuba, kuma gwamnatin tarayya tana cike giɓi da fiye da Yuro biliyan 100 a shekara daga haraji, inda mai babban albashi ke biyan har kashi 45. Duk da haka ni na fi gamsuwa da tsarin Siwizalan, inda ake cire kaso daga dukan albashi komai yawansa, amma fansho mafi girma bai wuce ninki biyu na mafi ƙanƙanta ba, domin a can mai wadata yana tallafa wa talaka kai tsaye, ba a bar wa direban bas da mai jinya kayan ba.

Abin da ya shafe ka tun yanzu shi ne, aikin ɗalibi ma galibi ana cire masa kuɗin fansho, don haka ka adana duk takardar da hukumar fansho ta aiko maka. Sai ka yi shekara biyar kana zubi kafin ka cancanci fansho. Idan kuwa ka koma gida kafin haka, kana iya neman a mayar maka da kasonka bayan wata 24, amma kason wanda ya ɗauke ka aiki ba ya dawowa.