Tambayi Lokotoro: Mai jego tana haki, ƙafa ta kumbura

Tambaya: Assalamu alaikum lokotoro, dan Allah a taimaka mini. Maiɗakina ta haihu yau kwana 26, haihuwa ta huɗu, lafiya lau aka yi suna, amma kwanan nan ko bokiti ta ɗauko daga pampo sai ta tsaya tana haki, ƙafafu sun kumbura har takalmin suna ba ya shiga, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango tana ta tari. Inna ta ce sanyin jego ne, a ƙara mata kunun kanwa da ruwan zafi, ni dai hankalina bai kwanta ba.
Mai karatu daga Bagalam, Maradi

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, yau ɗin nan ka kai ta asibiti, kar ka jira arba'in. Abin da ka zayyana ya yi kama da ciwon zuciyar da ke kama mata a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata biyar bayan haihuwa, naman zuciyar ne ke yin laushi ya kasa tura jini, sai ruwa ya taru a ƙafa da huhu, shi ya sa in ta kwanta take jin kamar an danne mata ƙirji. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya ta Najeriya suka yi rubutu kan yawan shi wajen masu jego.

A CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, za su auna tansiyo, to amma ka sani ko an ce maka 12/8 ce ba shi ke nan ba, zuciya na iya gajiya tansiyo tana daidai. Ka roƙi takardar zuwa babban asibiti a yi mata eko na zuciya, irin hoton nan da ake wa masu ciki ne sai dai a ƙirji ake aza shi, da ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, a kuma auna jini don ƙarancin jini ma na sa haki. Akwai maganin fidda ruwa irin su Lasilix, amma dan Allah kar ka saya wajen mai tebur, lokotoro ne zai yanka mata adadi, ku kuma gaya mai tana shayarwa.

Sai batun Inna. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ka ga an ƙara ma jakin da ya gaji kaya ke nan. A dama kunun ba kanwa, a rage gishiri da magi, wanka kuma da ruwa mai ɗumi ya isa. Kar ka yi gardama da tsohuwa a tsakar gida, ba za ka ci ba wallahi, ka tafi da ita asibitin ta ji daga bakin lokotoro.

Da yawa zuciyarsu na dawowa cikin wata shida in sun riƙe magani, wasu kuma sai an daɗe ana bi. Wani cikin kam a dakata sai eko ya nuna ta warware, ku yi maganar tazarar haihuwa da ungozoma kafin a sallame ku. Allah ya ba ta lafiya, ya raya jinjiri.