Kumburi a mahaɗar bututun abinci da tumbi

Malama, kin ce an zura miki na'urar haska ciki a Gombe, an ga kumburi a mahaɗar bututun abinci da tumbi, fatar wurin kuma ta rikiɗe ta koma irin ta hanji, shi ne kike tambaya ko ciwon daji ne. Ba daji ba ne, sai dai yana buƙatar sa idon likita, domin a mutane ƙalilan yakan kai can. Ruwan tsamin ciki mai tasowa sama ne ke yawan haddasa shi, ko ƙwayar cutar H. pylori, wadda ake kashewa da maganin kwana 14, don haka ki nemi a gwada ki. Tuwon dare kuwa, musamman mai yaji, kada ki kwanta bayansa sai an yi awa 3.